Ƙarfen Ƙafar Tomas

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo sayen rigar yara sai ta baje a kan bencin shagona ta ce in ba ta labarin dogayen benaye, wadda ta zo yi mini barka da sauka sai ta tambaye ni ko gaskiya ne har titi ana wanke shi da sabulu. Benayen suna nan, na gan su har wuyana ya yi ciwo. Amma ba su ne suka biyo ni gida ba. Abin da ya biyo ni wasu tsofaffin hotunan yara ne na wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, waɗanda suka kusa raba ƙanena Sagir da aikinsa. Bari in faɗa sau ɗaya daga farko, kowa ya bar ni in sha iska.

Kayan yara nake sayarwa a Kano, kuma shekara da shekaru saƙo nake bayarwa ana sayo mini. Bana sai Hajiya Ladidi, maƙwabciyar shagona wadda ta mayar da Dubai kamar Wudil, ta tasa ni gaba ta ce dole in je in zaɓa da hannuna. Na yarda ne saboda Sagir. Yana can yana aiki a wani shagon wanke hotuna da buga su, ya daɗe bai zo gida ba, matarsa ta haihu bai ma ga jaririyar ba sai a waya.

Ta Addis Ababa muka bi. A can na fara jin jiki, don sanyin filin jirgin ya shiga ƙashina, ga Ladidi ta lulluɓe da bargon da ta zo da shi ba ta ko gaya mini in taho da nawa ba. Da muka sauka Dubai kuwa, a wajen duba fasfo wani saurayi cikin farar jallabiya ya ce in kalli gaba. Na ƙura masa ido, shi ma ya ƙura mini, sai da Ladidi ta daka mini tsawa daga baya cewa na'urar ake nufi ba shi ba. A wajen binciken kaya aka buɗe jakata, wani jami'i ya kwance ƙullin daddawar da na riƙo wa Sagir, ya kai hanci. Allah Sarki, ya ja da baya idonsa ya kawo ruwa, ya mayar da ƙullin da yatsu biyu ya ce, "Yalla, yalla, Hajiya." Wato in wuce, bai ƙara taɓa komai ba.

Muka fito, na yi ta waige-waige, babu Sagir. Na kira wayarsa bai ɗauka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Ladidi ta kai ni masaukinta a Hor Al Anz. Ni da nake tsammanin zan kwana a gidan gilashi, sai ga ni a wani fulat mai gadajen ƙarfe ɗaya bisa ɗaya kamar makarantar kwana, matan Kano da na Maraɗi da wata 'yar Kumasi duk a ɗaki guda. Kowa ta rubuta sunanta a jikin gorar ruwanta a firij. Maƙwabcin ƙofa kuwa za ku haɗu a lif ka gaishe shi, ya kalle ka kamar ka roƙe shi wani abu. Abincin safe wata waina ce mai faɗi ta Indiyawa da shayi mai kauri mai citta, shi kam ban kushe shi ba. A lungunan Naif, inda ake saro kaya, na sha wani mamakin: wani ɗan Sin ne ya leƙo daga shagonsa ya ce mini, "Hajiya, zo, akwai sauƙi." Na tsaya baki buɗe har mai amalanke ya kusa kwashe mini ƙafa.

Sai washegari da la'asar Sagir ya zo. Na shirya masa faɗa cike da baki, amma da na gan shi sai na manta da faɗan. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Muka zauna a wani shagon shayi, ya kasa ko ɗaga kofin.

"Yaya, na yi ɓarna," ya ce. "Maigidana ya dakatar da ni. Ya ce in matar ba ta janye ƙorafinta ba zai yi kansal ɗin bizata, shi ke nan, in dawo Kano."

Na ce wace mata, me ka sata? Ya ce bai saci komai ba, gyara ya yi.

Duk wanda ya san Sagir a Kano ya san sana'arsa. Ka kawo masa tsohon hoton mahaifinka da ya rasu, wanda ya ci ƙasa, ya zauna a kwamfuta ya sa masa launi, ya goge ƙuraje, ya ɗora masa babbar riga da hula, har ya sa fulawoyi a baya. Mutane suna karɓa suna kuka suna sa masa albarka. To wata Baturiya ce mai suna Irena, 'yar ƙasar Lituwaniya, malamar jinya a wani asibiti a can, ta kawo shagonsu da ke Al Khabaisi hotunan da mahaifinta ya ɗauka tun tana ƙarama. Za ta baje su a wani ɗan ɗakin nuni mutane su gani. An gaya wa Sagir ƙarara: ya cire ɗigon ƙura, ya buga su manya, shi ke nan. Shi kuwa da ya ga yara cikin tsummoki sai tausayi ya kama shi. Ya yi ta zama bayan an tashi aiki yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, kyauta, don ya faranta mata. Maigidan ba ya gari, sai Sagir ya buga ya aika mata.

"Wallahi, Yaya, na ɗauka za ta yi mini addu'a."

Na ce to ai da sauƙi, mu je ban haƙuri. A wajenmu wanda ya yi laifi ba ya zuwa shi kaɗai, babba yake ɗauka. Sagir ya ce nan ba Kano ba ce. Na ce ko ina ne dai mutane ne. Ya tura mata saƙo cewa yayarsa ta zo daga Najeriya tana son ganinta, abin mamaki ta ce mu zo.

Na ci kwalliya, na ƙunsa turaren wuta da kilishi. Muka hau jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, ina ta salati a zuci har muka sauka. Irena ta buɗe mana ƙofa, doguwar mace mai gajeren gashi da furfura, za ta girme ni kaɗan. Ba ta yi murmushi ba. Turancina na kasuwa ne, don haka Sagir ne tafinta.

Muna shiga falon na yi abin da aka koya mini. Na durƙusa har ƙasa, na ce ta dubi Allah ta yi haƙuri, ƙanena ne, a hannuna ya girma. Ban rufe baki ba matar nan ta yi wata irin ƙara, fuskarta ta yi ja, ta kama kafaɗata ta ɗaga ni da ƙarfi. Na ce wa Sagir me na yi kuma?

"Ta ce kada wanda ya ƙara durƙusawa a kan hotunan nan. Ta ce an taɓa tsayar da mahaifinta a gaban taron ma'aikata aka sa shi ya ba da haƙuri saboda su, ya isa haka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ƙunshin kilishin. Ta nuna mini kujera, ta ɗauko ƙananan hotuna na asali, baƙi da fari, ta baza su a tebur. Ta ce tunda na taso daga nesa, in gani da idona.

Ni mai sayar da kayan yara ce, tufafi idona yake fara kamawa. 'Ya'yan Turawa ne, farare tas, amma ga wata yarinya da doguwar safa an yi mata faci a gwiwa, facin ma an sake yi masa faci. Ga yaro cikin kwat ɗin babba an naɗe hannun har sau uku. Ga layi ya miƙe a kan ƙanƙara, yara ƙanana riƙe da gwangwanin madara, wani majina ta daskare masa a leɓe. Kusan kowane yaro da makulli rataye a wuya da zare. Na ɗauka laya ce. Irena ta ce makullin gida ne, don uwa da uba duk suna masana'anta, yaro ya dawo makaranta ya buɗe wa kansa ya zauna shi kaɗai. Na ce ina kaka, ina maƙwabta? Ta ce kakarta an kwashe ta zuwa wata ƙasar sanyi mai nisa tun kafin a haife ta, maƙwabta kuwa ba ka sanin wanda yake kai rahoto.

Sai wani hoto da ya sa na ja kujera baya. Aji ne guda, yara zaune a benci, kowanne an rufe masa fuska da wata roba mai idanun gilashi da dogon hanci. Na ce innalillahi, mene ne wannan? Ta ce darasi ne, ana koya musu yadda za su yi in an jefa iskar guba. Ta ɗora yatsa a kan wata mai kitso biyu a layin gaba ta ce ita ce.

Ban taɓa tunanin Bature ya san irin wannan rayuwar ba. Ni a sanina su ne masu aiko mana da gwanjo.

Ta yi mana bayani a hankali, Sagir yana juya mini zuwa Hausa. A lokacin ƙasarsu tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, mulkin gurguzu. Mahaifinta mai hoton jaridar masana'anta ne. Abin da ake so ya ɗauka yara ne masu ƙiba suna dariya, da jan ƙyalle a wuya da fulawa a hannu. In hoto ya fito da yagaggen takalmi sai a gyara shi kafin a buga, in wani ya ɓata wa hukuma rai sai a goge shi daga hoton kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Shi kuwa in ya tashi aiki sai ya zagaya tsakar gidajen unguwa yana ɗaukar yara yadda suke. Aka kai ƙararsa, aka ƙwace kyamarar, aka raba shi da aikin. Fim ɗin hotunan ya tsira ne don ya binne shi a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin buhunan dankali.

Daga nan ta tashi ta juyo manyan da Sagir ya buga, waɗanda ta jingina fuskarsu a bango. In faɗi gaskiya, sun yi kyau. Safa ta zama sabuwa, majina ta tafi, kumatu sun yi ja, sama ta yi shuɗi. Da a Kano ne da an yi masa kyauta. Sai zuciyata ta motsa, kun dai san ni. Na ce wa Sagir ya gaya mata ba tare da ya rage komai ba: a wajenmu hoto shi ne abin da za ka bar wa jikoki, ba mai son a tuna da shi cikin tsumma, ko gobe za ka kwana da yunwa ranar hoto aron riga kake yi. Yaron nan mutunta su ya yi.

Ta saurara har na gama. Sai ta ajiye hotuna biyu gefe da gefe. A ƙaramin, wani yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai a bakin matakala, yana dariya haƙora a waje, ƙafarsa ta hagu siririya cikin ƙarfe daga cinya har idon sawu. Shan inna, na gane shi nan take. A babban kuwa ga yaron tsaye a kan ƙafafu biyu lafiyayyu, da farar safa.

"Ƙanenta ne," in ji Sagir, kansa a ƙasa. "Sunansa Tomas. Bai yi tsawon rai ba. Ta ce a lokacin irinsu ba a nuna su, an so ma a kai shi gidan ajiye nakasassu, iyayen suka ƙi. Wannan ne kaɗai hotonsa."

Na ce wa Sagir, kai kuma me ya kai ka? Ya ce, "Yaya, na ga kamar mahaifiyarsa za ta so ta gan shi a tsaye ko sau ɗaya."

Irena ta nemi ya faɗa mata abin da ya ce. Da ya faɗa sai ta zauna. Ta ce mahaifiyar tana raye a ƙasarsu, ta tsufa tukuf, sunaye suna zube mata ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har nata. Amma duk sanda aka nuna mata hoton nan sai ta kira sunan yaron. Ranar da aka kawo manyan hotunan, Irena don ɗoki ta kira ta a bidiyo tana yage takardar a gabanta, ba ta ma duba ba. Tsohuwar ta kalli hoton ta kalla, ta ce, "Ɗan wane ne wannan?"

Tun ranar Irena ba ta iya nuna mata na asalin ba. Tana tsoron kada ya zama ba gyaran ne ya ɓatar da shi ba, sunan ne ya tafi gaba ɗaya.

Ni dai hawaye nake, ban san sanda suka fara ba. Can ta miƙe ta shiga kicin, don wai baƙo baƙo ne ko da an yi faɗa, ta kawo mana miya a kwano. Miyar ruwan hoda ce kamar rigar 'yar tsana, ga rabin dafaffen ƙwai a tsakiya, kuma sanyi ƙalau daga firij. Na kalli Sagir, ya ce nono ne da wata jar saiwa irin ta karas, babu haram a ciki. Na rufe ido na sha, don a ranar ko me ta ba ni zan sha. Ita ma ta gutsiri kilishina, yajin ya sa ta tari har da riƙe ƙirji.

Da za mu tafi ta ce wa Sagir ya bugo mata hoton Tomas yadda yake, babba, ya kawo da kansa, a gabansa za ta kira tsohuwar. Ta ƙara da cewa ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Maigidan ya bar shi ya shiga shagon don wannan aikin kaɗai. Ni kuwa na koma Naif ina saro kaya hankalina ba ya jikina, har na sayi riguna dozin-dozin duk na 'yan shekara ɗaya, Ladidi tana ta yi mini tsiya wai na zo Dubai na bar kaina a jirgi. Matar Sagir ta kira ni tana tambayar lafiyarsa, na ce mata ƙalau, na yi sauri na kashe.

Ana gobe zan taho muka koma da hantsi. Sagir ya kwance hoton ya jingina shi a kujera, ya tsuguna a gefe ya riƙe shi don kada ya zame. Babu launi, babu gyara, ga ƙarfen nan ƙuru-ƙuru. Irena ta kira. Wata mai kula da tsohuwar ta ɗauka ta kai mata wayar. Na leƙa na ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa cikin ɗankwali, kamar kowace kaka a unguwarmu. Irena ta juya wayar ta fuskanci hoton.

Tsohuwar ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina kallon gumi yana bin wuyan Sagir. Sai muka ji ta ce, "Tomas." Ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da magana da sauri cikin yarensu, da irin muryar uwa mai faɗa. Irena ta toshe bakinta, tana dariya tana kuka lokaci guda. Da ƙyar ta iya gaya wa Sagir, shi kuma ya gaya mini.

"Wai madaurin gwiwar ya sake kwancewa. Ta ce a ɗaure masa kafin ya sauka matakalar, zai faɗi."

Duk muka duba. Ga shi kuwa, wani ɗan siririn madaurin fata yana reto a gefen ƙarfen.

Da suka gama, Irena ta share fuska, ta kira maigidan Sagir a gabanmu. Maganar ba ta yi tsawo ba: ta janye ƙorafinta, kuma shi take so ya buga sauran, ba wani ba. Na buɗe baki zan yi godiya, na tuna kada in durƙusa, sai kawai na rungume ta.

Na juya in ce wa Sagir ya tashi mu tafi, na same shi har yanzu a ƙasa, idonsa a kan gwiwar yaron.

"Yaya," ya ce, "da hannuna na goge madaurin nan. Wallahi ban ma lura ya kwance ba."